Sun rubuta mini 212 a hannu, alhali mutum talatin na tarar a ƙofa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tikitin tsayuwa na wasan wani mawaƙi a babban filin wasa. Na isa ƙofa ƙarfe biyar na asuba, waɗanda na tarar ba su wuce talatin ba. Sai wasu 'yan mata masu riƙe da littafi suka ce ai layi ya fara tun kwana uku, suka rubuta mini 212 a bayan hannu. Wajen ƙarfe tara na zaga banɗaki, kafin in dawo an yi kiran suna, an soke ni, na koma 390. Da rana kuma na ga an kawo wasu an sa su cikin ashirin na farko, wai sun yi wa layi hidima. Masu gadi suka ce babu ruwansu. Wata mai zuwa akwai wani wasan, kuma ƙawata tana cikin masu riƙe littafin, ta ce za ta sa sunana a sama ko ban kwana ba. Wannan tsari adalci ne? In bi shi, in yi watsi da shi, ko in karɓi tayinta?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Abu uku aka yi miki, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Lambar 212 ana iya samar mata hujja idan an cika wasu sharuɗɗa. Soke ki da aka yi ya danganta da ko an faɗa miki lokacin kiran suna tun da asuba ko ba a faɗa ba. Shigo da mutane cikin ashirin na farko kuwa son kai ne tsagwaronsa, babu wata kwana-kwana.

Ki fara sanin dalilin da ya sa littafin ya wanzu, don ba don mugunta aka ƙirƙire shi ba. Tikitin tsayuwa ba shi da kujera, ba shi da wuri. Wanda ya riga shiga shi ke kama shingen ƙarfen da ke gaban dandamali. Idan ƙofa za ta buɗe ƙarfe biyar na yamma, mutum kuma ya zo tun asuba, awa goma sha biyu ke nan. Babu ɗan Adam ɗin da zai tsaya wuri ɗaya tsawon wannan lokaci bai ci ba, bai zaga ba. Lamba a hannu ita ke ba shi damar ya tashi ya dawo ya tarar da gurbinsa, ita ke hana mai ƙarfi ya zo ƙarfe huɗu ya ture mai rauni. Layin da ba shi da tsari ko kaɗan ya taɓa cin rayuka: ranar 3 ga Disamba 1979, a birnin Cincinnati na Amurka, mutum 11 sun mutu a turmutsutsun bakin ƙofa kafin wasan ƙungiyar mawaƙa ta The Who, saboda dubban masu tikitin da ba shi da wuri sun taru a kan ƙofofi ƙalilan. Birnin ya hana irin wannan tikiti har zuwa 2004. Saboda haka mu ba ma cikin masu cewa a kashe littafi gaba ɗaya.

Amma fa littafin ba shi da iko na ƙashin kansa. Masu riƙe shi 'yan kallo ne irinki, tikiti suka saya kamar yadda kika saya. Yarjejeniyarki da masu shirya wasa ce da masu filin, kuma abin da aka rubuta a sharuɗɗan tikiti ko a sanarwarsu shi ne doka. Littafi yana samun ƙarfi ta hanya biyu kacal: ko jami'an filin su ce sun amince da shi, ko mutanen da ke tsaye a wurin su yarda su bi shi. Da masu gadi suka ce miki babu ruwansu, abin da suke nufi shi ne ta hanya ta biyu kawai yake tsaye. To tsarin da ke rayuwa a kan yardar jama'a dole ya zama wanda baƙon da bai san kowa ba zai iya shiga a kan sharaɗi ɗaya da kowa. Wannan shi ne ma'aunin da za ki ɗora kowane littafi a kai.

Mu ɗora naki. Tambaya ta farko, a ina aka sanar da buɗe shi? Idan an liƙa takarda a bakin ƙofa tun ranar farko, da wurin rubuta suna da lokutan kira, duk wanda ya zo wucewa zai gani, to 212 ɗinki halal ce, ko da ta yi ɗaci. Mutum 211 sun zo kafin ke, sun amsa kira, sun je sun huta. Idan kuwa a wani zauren WhatsApp ko Telegram na 'yan ƙungiyar masoyan mawaƙin aka buɗe shi, aka cika lambobi ɗari na farko kafin kowa ya taka ƙafarsa filin, to wannan rabon wuri ne tsakanin abokai. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki nemi a nuna miki shafin farko. Littafin gaskiya yana da lokacin isowa a gefen kowane suna, rubutun hannu daban-daban, da alamar amsa kira jere-jere. Wanda aka cika a ɗaki za ki ga biro ɗaya, hannu ɗaya, suna hamsin a jere babu lokaci. Idan suka ƙi nuna miki ma, kin sami amsarki.

Akwai kuma batun kwana ukun kansa. Filaye da yawa suna rubuta ƙarara cewa ba a kwana a harabarsu, kuma layi ba ya farawa sai ƙarfe kaza na ranar wasa. Inda aka yi wannan sanarwa, littafin da ya fara kwana uku kafin nan yana saka wa waɗanda suka karya doka ne, yana kuma hukunta irinki da kuka karanta kuka bi. A nan kina da cikakkiyar hujja. Ko inda ba a hana ba, tsawon kwanakin yana tace mutane ta hanyar da ba ta da alaƙa da son mawaƙi. Mai aikin da ba a ba shi hutu, mai jego, mai ciwon da ba ya jure kwanan waje, wanda zai zo daga nesa a jirgin safe, duk an fitar da su tun kafin a fara. Abin yana iya yin nisa ƙwarai. A 2023, a Buenos Aires ta Ajantina, masoyan mawaƙiya Taylor Swift sun kafa tantuna kusa da filin River Plate tun watan Yuni don wasan da za a yi a Nuwamba, suna karɓa-karɓa, ana lissafa awannin da kowa ya yi a tanti don a tsara wa zai riga wa. Lissafinsu na iya zama daidai, amma wanda ke da wata biyar na zuwa zaman tanti shi kaɗai ya cancanci shiga gasar. A ganinmu, littafin da ya wuce daren jajibiri ya fara fita daga adalci ko da an riƙe shi da gaskiya.

Kiran suna shi ne zuciyar tsarin, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Amfaninsa shi ne a tabbatar mutum bai rubuta suna ya tafi ya kwanta a otal ba. Kira mai kyau yana da lokaci sananne da aka rubuta tun farko, misali ƙarfe shida, tara, sha biyu. Tsakanin kira da kira awa uku ya isa mutum ya ci abinci ya dawo. Ana ba da rangwamen minti goma zuwa sha biyar, ana kiran lamba sau biyu, ana kuma rubuta hukuncin wanda ya makara kafin wani ya makara. Idan an faɗa miki ƙarfe tara ne kika tafi tara saura biyar, to kuskurenki ne, sai dai hukuncin ya yi tsanani. Mayar da mutum baya da lamba ashirin ko talatin a karon farko ya wadatar. Idan kuwa kiran ba-zata ne, to dabara ce tsohuwa. Masu littafi su ne suka san lokacin, sukan raɗa wa nasu, sai baƙi su faɗa rami. Duk wanda aka soke, na bayansa ya matsa gaba, kuma ba a taɓa soke mai riƙe biro.

Su kuma waɗanda aka kawo da rana, zancen "sun yi hidima" ba ya tsayawa. Riƙe littafi aiki ne mai gajiyarwa, gaskiya ne, amma ladansa shi ne lambar da mutum ya samu da zuwansa da wuri. Idan har za a ware wa masu aiki wuri, sai a rubuta sunayensu da adadinsu a shafin farko tun ranar farko, mutum uku ko huɗu, kowa ya gani ya yarda ko ya ƙi. Haka riƙe wa aboki wuri. Mutum ɗaya ya riƙe wa mutum ɗaya, a rubuta shi tun lokacin, yawancin layi na haƙuri da wannan. Matsalar tana fitowa ne a lissafi: idan hamsin na farko kowa ya shigo da mutum biyu, mai lamba 51 ya zama na 151 yana tsaye bai motsa ba.

Yanzu ga abin da masu littafi ba sa son faɗa: lambar ba ta sayen abin da ake zato. Ƙa'idar tsaron filayen wasa ta Birtaniya tana lissafa cewa mashiga ɗaya tana wuce da mutum 660 a awa, wato 11 a minti. Idan aka buɗe mashiga goma a ƙofarku, mutum 110 ke shiga a minti ɗaya. Mai lamba 40 da mai lamba 140 tazararsu ba ta wuce minti guda ba, kuma wannan mintin yana narkewa a wurin bincike. Jakar da ke da zif huɗu tana cinye shi. Wayar da haskenta ya yi ƙasa na'ura ta kasa karanta tikiti tana cinye shi. Mashigar da mai bincikenta ke da nawa tana cinye shi. Bayan haka akwai tafiyar da ta kai mita ɗari ko fiye daga bakin fili zuwa gaba, jami'ai suna cewa kar a yi gudu, wasu na ji wasu ba sa ji. Sannan babban fili yakan buɗe wa masu tsayuwa ƙofa fiye da ɗaya, kowace da nata layin, wani lokaci da nata littafin. Masu tikitin shiga da wuri, waɗanda suka biya ƙari, su an riga an shigar da su kafin a taɓa ƙofarku.

Shingen gaba kuma ba ya ɗaukar jama'a da yawa. Kowane mutum yana cin kimanin rabin mita. Shinge mai tsawon mita hamsin mutum ɗari ne, an gama. Idan dandamalin yana da doguwar hanya da ta shigo tsakiyar fili, ko ƙaramin dandamali na biyu, shingen ya ƙaru sosai, kuma a nan ne mai lamba 390 ke iya samun ƙarfe a hannunta yayin da masu lamba 100 ke cunkushe a sahu na huɗu a tsakiyar gaba. Kafin ranar, ki nemi taswirar filin da hotunan wasannin da mawaƙin ya yi a wasu biranen a wannan zagayen. Ki zaɓi wuri biyu, na farko da na ko-ta-kwana, ki san hagu za ki yi ko dama tun kafin ki shiga. Yawancin mutane tsakiya suke nufa kai tsaye. Gefe da bakin doguwar hanyar su ke jinkirin cika.

Ga yadda za ki tunkari wasa mai zuwa. Mako guda kafin ranar, ki rubuta wa masu filin ko masu shirya wasan, ta imel ko shafinsu, tambaya uku gajeru: ƙarfe nawa aka yarda a fara layi, suna amincewa da lambobin da 'yan kallo ke rabawa ko a'a, kuma za su raba nasu munduwar takarda mai lamba ko ba za su raba ba. Ki ɗauki hoton amsar a waya. Sanarwar da ake aiko wa masu tikiti kwana biyu ko uku kafin wasa ita ma ki karanta ta har ƙasa, don galibi a nan ake sa ƙofar da za ki bi da girman jakar da aka yarda da ita.

Idan suka ce za su raba munduwa, magana ta ƙare, ita za ki bi, littafi ya zama tarihi. Idan suka ce ba su san da littafi ba kuma layi na farawa ƙarfe kaza, ki zo a lokacin, ki tsaya inda jami'ai suka nuna. Duk da haka ki karɓi lambar masu littafi idan sun ba ki. Ba ta rage ki da komai, kuma wani lokaci shugaban masu gadi yakan yanke shawara a ranar ya bi ta don a zauna lafiya. Kina karɓa ki tambayi lokutan kira, ki ɗauki hoton shafin da sunanki yake da kuma shafin farko, ki san fuskar mutum biyu na gabanki da biyu na bayanki. Waɗannan huɗun su ne shaidunki. In za ki zaga, ki gaya musu, ki gaya wa mai littafi, ki duba agogo a gabansa.

Idan aka yi miki ba daidai ba, kar ki tsaya cacar baki da mai biro, kuma kar ki kai ƙara wurin mai gadin da ke bakin shinge, shi umarni yake bi. Ki nemi shugabansu, wanda galibi ke riƙe da rediyo ko sanye da riga mai launi daban. Ki je da safe, ba ƙarfe huɗu da rabi ba lokacin da kansa ya ɗauki zafi. Ku je ku uku ko huɗu, ki nuna hoton amsar da aka ba ki, ki yi tambaya ɗaya: da wane tsari za a shiga? Abin da ya faɗa a gaban jama'a shi zai zauna. Abin da ba za mu ba ki shawara ba shi ne ki kutsa gaba da ƙarfi lokacin buɗe ƙofa don kin san littafin ba shi da iko. Ko kina da gaskiya, turereniya a bakin ƙofa ita ce mafi haɗarin minti goma na ranar gaba ɗaya.

Buɗe littafi na biyu don kishiyantar na farko ma ba ya haifar da komai sai layi biyu masu gaba da juna, kuma jami'ai kan watsar da duka biyun. In dai kina son gyara na dindindin, wurin masu filin za ki matsa, don akwai tsare-tsaren da suka riga suka yi aiki. A Japan da Koriya ta Kudu tikitin tsayuwa yakan zo da lambar shiga a jikinsa, mutane su taru kafin buɗe ƙofa a jera su bisa lamba, babu mai kwana a titi. A wasannin mawaƙi Bruce Springsteen da dama a Amurka an yi amfani da ƙuri'a: a raba munduwa mai lamba cikin 'yan awanni da rana, a zaro lamba ɗaya, layi ya fara daga kanta ya zagayo. Wanda ya zo farko da wanda ya zo ƙarshen lokacin rabo damarsu ɗaya. Kowanne yana da nasa aibin. Na farko yana iya fifita mai saurin intanet ranar sayar da tikiti, na biyu kuma yana ɓata wa wanda ke ganin wahalarsa ta cancanci lada. Amma a duka biyun dokar a rubuce take, kuma wanda ke riƙe da ita ba ya cikin masu neman wurin.

Kar ki manta da jikinki a cikin wannan lissafi. Awa goma sha biyu a rana, sannan awa huɗu ko biyar a matse, ba wasa ba ne. Mutane da yawa suna daina shan ruwa tun azahar don kar fitsari ya raba su da wurinsu, kuma su ne ake ɗagowa ta saman shinge kafin mawaƙi ya fito. A Nuwamba 2023 wata matashiya 'yar shekara 23 ta rasu bayan ta faɗi a wani wasa a Rio de Janeiro cikin tsananin zafi, abin da ya sa hukumomin Brazil suka wajabta samar da ruwan sha kyauta a irin waɗannan taruka. Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, ki ci abinci sosai awa biyu kafin buɗe ƙofa, ki zaga na ƙarshe saura awa ɗaya. A ciki kuma, idan cunkoso ya kai ba kya iya ɗaga hannu zuwa fuskarki, ko kika ji taron na kwasarki ba da ƙafarki ba, an wuce mutum biyar a kowace murabba'in mita, ki fice ta gefe, ko ki ɗaga wa jami'an gaban shinge hannu su ciro ki.

Saura tayin ƙawarki. Kar ki karɓa. Abin da za ta yi miki shi ne ainihin abin da aka yi miki da rana kika ji zafi, sai dai wannan karon wata ce za ta zo da asuba ta tarar da sunanki a gabanta. Kuma ba a ɓoye yake ba: mutanen da suka kwana sun san fuskokin juna, za ki tsaya a tsakiyarsu awa biyar, kafaɗa da kafaɗa, su ne kuma waɗanda za ki buƙata su miƙo miki ruwa ko su buɗa miki hanya in numfashi ya yi wuya. Ba sai kin yi mata wa'azi ba. Ki ce kin gode, za ki zo da ƙafarki ki karɓi lambar da ta same ki. Tunda tana da baki a cikinsu, ki roƙe ta abu uku a madadin wancan: a liƙa lokutan kira a bakin ƙofa inda kowa zai gani, a rubuta lokacin isowa a gefen kowane suna, a kuma ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe bayan kowane kira, mutum biyu da ba 'yan ƙungiya ba su sa hannu, don kar a cusa wani a tsakani. In sun yarda, ki bi littafinsu da zuciya ɗaya. In sun ƙi, ki riƙe hoton amsar masu filin, ki je wurin mai rediyo tun ƙarfe bakwai na safe.